Yaushe Rabonki da Duhu?

Da na haifi Mudassiru, farkon damina,
Ɗahiru ya sayo fitilar sola a kasuwar Gujungu,
ya rataye ta jikin azara,
ya ce kada ɗansa ya farka ya tarar da duhu.
Na yi murna. Wa ke ƙin haske?
Ɗakina ya wayi gari da rana biyu,
ɗaya ta Allah,
ɗaya ta dubu tara da ɗari biyar.

Sai barci ya yi mini yaji.
In kwanta, in juya, in ƙirga azara,
in danna waya in ga ƙarfe biyu.
Yaro na kamawa, yana saki, yana kuka,
kamar mai jan guga a rijiyar bazara.

Inna Tabawa ta dama kunun kanwa,
ta ce in sha da zafinsa.
Na sha har gumi ya keto.
Ta dube ni, ta girgiza kai:
"Mu a zamaninmu, zane muke matsewa da asuba."

Ranar awo na taka har asibitin Miga.
Malama Hansatu ta ɗora shi a sikeli,
ta dubi allura, ta dubi ƙasan idona.
Na zaci za ta tambayi tuwo da miya.
Sai ta ce, "Yaushe rabonki da duhu?"

Ta ce can tsakiyar kai akwai wani ɗan abu,
bai wuce ƙwayar shinkafa ba,
ba ya motsi sai ido ya kai masa labari
cewa rana ta faɗi.
Sannan ya saki melatonin cikin jini,
ya bi gaɓoɓi yana rufe ƙofofi.
Akwai kuma furolaktin, mai kiran nono,
shi ma ɗan dare ne,
cikin barci yake cika ya batse,
bakin yaro kuma na ƙara tado shi.
"Yadda su biyun ke gaisawa,
masana ba su gama jin zancen ba.
Amma hanyarsu ɗaya, kamar matan da ke zuwa rafi.
Ki bar musu daren."

Sunayen sun zube mini tun kafin gada.
Sai na raɗa musu nawa:
Ɗan-duhu da Mai-kira.

Bayan lisha na miƙa hannu na kashe fitila.
Ɗahiru ya ce, "Batir ne?"
Na ce, "A'a. Baƙi nake jira,
kuma masu kunya ne."

Ashe akwai kwaɗi a kududdufin bayan gida.
Ashe gyare bai bar garin nan ba.
Ashe ba da ido nake gane ɗana ba:
ƙamshin kansa ya ishe ni,
hannu ya san hanya,
shi ma baki ya san tasa.

Ba daren farko ba ne, kada in yi ƙarya.
Ba na uku ba.
Na ma daina ƙirgawa,
sai wata asuba, ladan bai kai ga salati ba,
na farka da nauyi a ƙirji,
zane ya jiƙe har tabarma,
yaro na haɗiya, ƙut, ƙut,
ya saki da kansa, kai ya langaɓe,
ɗigo ɗaya na gangara gefen bakinsa.
Malama ta ce nonon dare da guzurin barci yake tafe.
Na gani.

Inna Tabawa ta ce aikin kununta ne.
Ɗahiru ya ce addu'arsa ce.
Ban musa wa kowa ba,
tukunya ba ta tsayuwa kan murhu ɗaya.

Fitilar tana zaure yanzu,
ƙanwarsa Kulu ke bitar lissafi da ita.
Ni kuwa in magariba ta yi
nakan ɗage labule kaɗan,
yadda ake yi wa ungozoma,
in ce wa duhu: shigo, an gode,
yaron nan naki ya fara nauyi.